Tarihin Dutsen Dala da Bautar da Aka Yi a Gindinsa

 

A filinmu na tarihi na yau za mu bar Mai Yara, mu bar ƙasar Dakwaro, mu bi hanyar da fatakenmu da ƴan ci-rani suka saba bi: Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, har birnin Kano. Da yawa daga cikinku sun je Kano. Wanda ya shiga tsohon birni, in ya ɗaga kai, zai hangi wani jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Shi ne Dala.

Dala ba wani dogon dutse ba ne. Duwatsun Bagazam na ƙasar Azbin sun haura mita 2000. Dala kuwa ko yaro yana hawansa ba tare da ya tsaya hutawa ba. Amma duk da ƙanƙantarsa, sarakunan Kano sun yi wajen shekara 800 suna fama da abin da ke tattare da shi. Wani ya yi lallashi, wani ya yi yaƙi, wani ya rushe, wani ya komo ya gyara. To, me ke ga Dala har sarki mai dawaki da mayaƙa ya kasa kau da kai daga gare shi? Wannan ita ce tambayar da za mu bi yau.

Inda labarin ya fito

Kafin mu shiga, bari ku san inda muka samo labarin. Akwai wani littafi da aka rubuta a Kano da Larabci, wanda ya jera sarakunan garin ɗaya bayan ɗaya, da shekarun da kowa ya yi bisa gado, da abin da ya faru a zamaninsa. Ana kiransa Tarihin Kano. Ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta wajen ƙarshen ƙarni na 19. A 1908 wani Bature ɗan Ingila mai suna Palmer ya buga fassararsa da Ingilishi, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausa cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, shekarun da za ku ji ina ambata an same su ne ta hanyar haɗa shekarun sarautar kowane sarki ana komawa baya, saboda haka na zamanin farko ƙiyasi ne. Na biyu, wanda ya rubuta littafin Musulmi ne, yana ba da labarin mutanen da suka riga shi da ɗaruruwan shekaru, waɗanda addininsu ba nasa ba ne. Da idonsa muke ganinsu.

Abin da ya fara tara mutane

Me ya fara kawo mutane gindin Dala? Tama ce, wato dutsen nan da ake narkawa a fid da ƙarfe. Masu binciken kayan tarihi sun tono wani tsohon wurin narka tama a Dala, da aka auna shekarunsa sai aka ga ya kai ƙarni na 7, wato kusan zamanin da Musulunci ya bayyana a ƙasar Larabawa. Abagayawa, maƙeran Kano, su ma suna cewa kakansu mai suna Kano daga Gaya ya taho neman tama, ya zauna kusa da dutsen.

Ku duba abin da wurin ya tara. Ga tama ta ƙera hauya da gatari da kibiya. Ga ruwa a kurmin Jakara, nan kusa. Ga ƙasar noma. Ga tudun da za a hau a hango abokin gaba tun yana nesa. Wurin da ya ba mutum ƙarfe, ya ba shi ruwa, ya kuma tsare masa rai, ba abin mamaki ba ne mutumin wancan zamani ya ɗauka cewa wurin yana da mai shi, wanda ido ba ya gani, wanda kuma dole a zauna lafiya da shi.

Barbushe da Tsumburbura

Tarihin ya ce sunan dutsen na wani mutum ne, Dala, wanda ya zo ya gina gida a bisansa. Ya haifi ƴaƴa 7, maza 4 da mata 3, babbansu Garageje. Daga zuriyar Garageje aka sami Barbushe, baƙin mutum, ƙato, maharbi, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Wannan dai kun san irin zugar da ake yi wa mazan jiya. Abin da ya ɗaukaka shi a gaskiya shi ne aikinsa: shi ne mai shiga tsakanin jama'a da abin bautarsu, wadda ake kira Tsumburbura.

Wurin Tsumburbura wani itace ne da ake kira Shamus, an kewaye shi da katanga. Ba mai shiga sai Barbushe. Sun yi imani duk wanda ya shiga, in ba shi ba, mutuwa zai yi. Shi kuwa Barbushe yana can bisa Dala, ba ya saukowa sai kwana 2 a shekara. In lokacin ya matso, sai mutane su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wannan da baƙin kare, wancan da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Su taru a gindin dutse da maraice. In dare ya yi sai ya sauko da makaɗansa, ya ja su zuwa wurin itacen, a yi yanka. Shi kaɗai zai shiga ciki. In ya fito sai ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi, alheri ko masifa. A kwana ana rawa ana kewaya wurin har gari ya waye.

Ku lura da wannan, domin nan ne gindin maganarmu. Ku manoma ne, kun sani ba abin da ya fi damun manomi irin ya san yadda damina za ta kasance. Mutumin da jama'a suka yarda shi ke faɗin shekara, to, shi ke da gari, ko da ba shi da doki ko ɗaya. Kuma Barbushe ba shi kaɗai yake ba. Littafin ya ambaci manyan da ke tare da shi, kowa da sana'arsa: Gijigiji maƙeri, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai magani, Maguji mai haƙar tama da narka ta, da sauransu. Wato jama'a ce mai tsari, dutse da itace su ne igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya.

An ce Barbushe ya gaya wa mutanensa cewa wata rana baƙo zai zo da runduna ya mallake su, a sare itacen, a gina masallaci. Sai dai ku tuna, an rubuta wannan ne bayan abin ya riga ya faru.

Zuwan sarakuna

Baƙon kuwa ya zo. Shi ne Bagauda, jikan Bayajida na Daura, wanda ake ƙirga sarautarsa daga 999 zuwa 1063. Amma bai zauna a Dala ba, a wani wuri mai suna Sheme ya yi zamansa. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya matso. Ya yi ta ba mutanen Dala kyauta har suka saki jiki da shi, sa'annan ya fara ginin ganuwa. An ce ranar da aka fara aikin shanu 100 ya yanka wa magina. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ginin. Da haka dutse ya shiga cikin birnin sarki, amma asirin dutsen bai shiga hannun sarki ba.

Nan rigimar take. Sarki yana da mashi, yana karɓar haraji. Naguji, wanda ya hau gado a 1194, shi ya fara karɓar kashi 1 cikin 8 na amfanin gona. Masu dutse kuwa suna da zukatan talakawa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Sarakunan Kano sun san a idon mutanen Dala su ne raɓar, shi ya sa hankalinsu bai kwanta ba.

Guguwa, daga 1247 zuwa 1290, ya nemi su gaya masa asirin abin bautarsu, suka ƙi. Ya yi niyyar rushe wurin, labari ya ce ya makance. Shekarau, da ya biyo bayansa, ya ga ba riba a faɗa. Ya bar su da al'adunsu, su kuma suna kawo masa gaisuwa. Tsamiya, daga 1307 zuwa 1343, shi ne ya ƙi wannan sulhu. Ya tara mayaƙa ya auka wa wurin, ya rushe katangar, ya watsa masu tsaronta. Amma itacen yana nan tsaye.

Masallaci a gindin itace

A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, littafin ya ce waɗansu malamai Wangarawa su wajen 40 suka iso daga Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite. Sarki ya karɓi salla. Aka naɗa liman da ladan da alƙali, aka gina masallaci. A ina aka gina shi? A gindin wannan itace, inda mutane suka saba nufa in suna neman abin da ya fi ƙarfinsu. Masu tsafi ba su ji daɗi ba. Suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin, har sai da aka sa masu gadi.

Kada ku zaci daga nan magana ta ƙare. Ɗan Yaji, Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, ya kai yaƙi Zazzau aka koro shi. Da ya dawo gida sai ya nemi shawarar masu tsafi, suka ce ya koma ga abin da kakanninsa suke yi. Ya kuwa koma. Aka sari reshen itacen aka yi ganguna da shi, ya cika abin da suka umurce shi, ya sake fita, ya ci Zazzau. Ɗansa Umaru kuma malami ne, har ya ajiye sarauta don tsoron Allah. Kun ji, uba a wurin tsafi, ɗa a wurin allo, cikin gida ɗaya. Haka abin ya riƙa tafiya, a yi gaba a komo baya.

Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, itacen ya faɗi. Rumfa shi ne ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. A zamaninsa, wajen 1492, babban malamin nan Shehu Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya sauka Kano bayan ya biyo ta Azbin. Littafin ya ce wani Sharifi baƙo ne ya umurci Rumfa ya gina masallacin Jumma'a, ya sare itacen, ya tsayar da hasumiya a gurbinsa. Masana sun tafi a kan cewa Magili ke nan. Ku ƙirga: daga Bagauda zuwa ranar da gatari ya kai ga gindin itacen, kusan shekara 500.

Dirki

Itace ya faɗi, amma al'adar ba ta faɗi tare da shi ba, riga ta sake. A zamanin Muhammadu Zaki, daga 1582 zuwa 1618, aka yi wani abu da ake kira Dirki. Alƙur'ani ne aka naɗe da fata, ana yi masa yanka, ana ƙara masa fata bisa fata, har aka wayi gari ba kowa ya san abin da ke ciki ba. Ya zama shi ne abin da fada ta dogara da shi wajen tsare gari, kamar yadda mutanen Barbushe suka dogara da Tsumburbura.

Haka aka tafi har zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau gado a 1781. Yunwa ta faɗo wa ƙasa, manyan gari suka nemi shanu 40 don Dirki, sarki ya hana. Ya sa samari suka fasa shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka ce yadda ya fid da shi daga Dirki, haka shi ma za a fid da shi daga ƙasar.

A 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a ƙasar Gobir. Cikin abubuwan da Shehu ya yi ta suka a wa'azinsa da littattafansa akwai yin yanka ga duwatsu da itatuwa, da halin sarakunan da ke salla suna kuma haɗawa da tsafi. A 1807 Kano ta fita daga hannun Alwali, aka kashe shi a Burum-burum. Mai tsohuwar al'ada zai ce alhakin Dirki ne ya kama shi. Mai jihadi zai ce alhakin tsafin da fada ta daɗe tana yi ne. Ko ta wane gefe aka duba, daga nan bautar ta fita daga gidan sarauta, sai abin da ya saura a ƙauyukan Maguzawa.

Duk da haka dutsen bai rasa girmansa ba. Sarki Ibrahim Dabo, daga 1819 zuwa 1846, wanda saboda shi ake cewa Kano ta Dabo, da garuruwa suka yi masa tawaye, ya yi kwana 40 a cikin gida yana roƙon Allah. Da ya fito, a bisa Dala ya kafa sansaninsa. A 1851 Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Barth, wanda ya ratso Agadas da Tasawa da Gazawa da Katsina, ya hau Dala ya zana birnin daga can. Yau an yi wa dutsen matakala, baƙi da ƴan makaranta suna hawa kallon gari, akwai kuma ƙaramar hukuma mai sunansa. A 2007 Najeriya ta sa shi, tare da ganuwar Kano, cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gadon duniya.

Wani dutse a ƙasa mai nisa

To, ko dole ne sarki da masu dutse su yi gaba? A'a. Bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa don ku ga bambanci. Sunanta Mongoliya, tana tsakanin Rasha da Sin. Da yawa daga mutanenta makiyaya ne, masu dawaki da tumaki da raƙuma, kamar Fulani da Buzayen da muke cuɗanya da su a arewacin Dakwaro.

A can akwai wani dutse mai suna Burkan Kaldun. Wani saurayi mai suna Temujin, abokan gaba suka kai masa hari suka sace matarsa, ya gudu ya ɓuya cikin dajin dutsen har suka gaji da nema suka tafi. Da ya sauko sai ya tuɓe hularsa, ya rataya ɗamararsa a wuya, ya durƙusa sau 9 yana fuskantar rana, ya yi alkawarin shi da zuriyarsa za su riƙa girmama dutsen da ya tsare masa rai. Wannan saurayi shi ne ya zama Jangis Kan a 1206, wanda daularsa ta mamaye ƙasashe masu yawa na Asiya. Ya mutu a 1227, kuma mutane da yawa sun yi imani a wajen dutsen aka binne shi.

Daga baya addinin Buda ya shigo ƙasar, malamansa suka rungumi al'adar suka sa mata addu'o'insu. Mulkin kwaminis na ƙarni na 20 ya hana ta. Da wannan mulki ya kau a 1990 sai aka komo mata, a 1995 shugaban ƙasa ya ba da dokar girmama dutsen da sunan gwamnati, a 2015 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Me ya raba labarin nan biyu? Jangis Kan ɗan ƙasa ne, dutsen na kakanninsa ne, girman dutsen ƙarin girmansa ne. Zuriyar Bagauda kuwa sun tarar da Dala a hannun waɗansu, saboda haka duk girman da dutsen ya samu ragi ne a nasu. Sa'annan addinin Buda ya iya zama tare da bautar dutse, Musulunci kuwa bai yarda a haɗa Allah da kome ba.

Mu komo gida

Mu nan ƙasar rairayi ce, ba mu da dutse irin Dala. Amma tsarin da kuka ji ba baƙo ba ne gare mu. A Katsina, Durɓawa ne masu ƙasa kafin Muhammadu Korau ya karɓi sarauta, kuma ba a kore su ba, an bar wa Durɓi muƙaminsa cikin masu zaɓen sarki. Da Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa sarautarsu a Maraɗi, da wannan muƙami suka zo. Gobirawa, waɗanda suka taɓa yin babban birninsu nan kusa da mu a Birnin Lalle bayan sun baro Azbin, su ma a fadarsu ta Tsibiri an san Sarkin Anna, an san Inna. Wato a ƙasar Hausa sau da yawa sarauta biyu ce ke tafiya tare: ta mai doki da ya zo ya ci gari, da ta wanda ya riga kowa sanin ƙasar.

Yanzu sai mu amsa tambayar da muka fara da ita. Abin da ke ga Dala shi ne yardar jama'a. Tsamiya ya rushe katanga, ba ta kau ba. Rumfa ya sare itace, ta koma cikin Dirki. Sai da wa'azi da karatu suka yi ɗaruruwan shekaru suna shiga gida gida kafin mutane su juya da kansu. Saboda haka in kun ji an ce sarki wane ya musulunta a shekara kaza, kada ku ɗauka a ranar nan gari duka ya sake. Abin a hankali ya tafi, kuma mutanen da suka yi wannan doguwar tafiya kakanninmu ne.

Ga ɗan aikin da zan bar muku. In kun zauna hira da dattawan garinku, ku tambaye su: wane gida ne ya fara sarar daji a nan? Wa ya haƙa rijiyar farko? Wace tsamiya ce ko kuka ko gawo da a da ba a sa mata gatari, kuma don me? Shin gidan da ya kafa garin shi ne ke riƙe da sarauta yau, ko kuwa wani ne? Abin da za su gaya muku shi ne tarihin garinku, kuma za ku ga ya yi kama da wanda kuka ji yau.

Nan za mu dakata. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.